Kunnen Dama a Bayan Katanga

Ni dai a gidanmu na unguwar Umbadda, a Umdurman, ba ni da wani muƙami sai na waya. Makaranta ta daɗe da ganin ƙeyata, raksha, keken haya mai ƙafa uku, nake ja in mai ita ya tashi da fara'a, amma da zarar wayar wani ta yi tari sai ka ji an ce a kira shaƙiyyin nan. In ta gyaru, Allah ne ya gyara. In ta ƙi, ni na ɓata. Haka muke zaune da su.

Kakana, wanda ya haifi babana, Tsoho nake ce masa, sai in ina neman wani abu a wurinsa ne yake zama Jiddo. Auduga ya tsinta a gonakin Jazira tun yana yaro, daga baya ya shiga aikin injin gurza, injin ya cinye masa kunnuwa ya bar masa fatar. Da safe in na wuce rumfarsa sai in ce, "Tsoho, yau ma ba ka mutu ba?" Ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi, ya gajiya?" In ce, "Gadon nan naka nake jira." Ya ce, "Amin, amin." Na sha daɗina shekaru.

Baffana na Saudiyya ne ya ɓata min wasa. Ya zo hutu da wani ɗan akwati, a ciki akwai samma'a, na'urar ƙara ji, guda biyu, kowace ba ta kai ƙwallon dabino ba, ana maƙala su a bayan kunne. Ya haɗo da waya sabuwa. Ya zauna a tsakar gida ya tara mu kamar zai raba gado, ya haɗa samma'ar da wayar ta bulutus, ya ce daga yau in an kira Tsoho, maganar cikin kunnensa za ta faɗa kai tsaye, in ya amsa kuma samma'ar ce za ta ɗauki muryarsa. Ya ce, "Ta dama ita ce liman, ita ke magana da waya. Ta hagu mamu ce, bi kawai take yi." Sannan ya nuna ni da yatsa. "Kai kuma, kar ka goge komai a wayar nan. Kar ka ce za ka gwada iyawarka. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Washegari na wuce rumfa na yi gaisuwata ta kullum, Tsoho ya ɗago ya ce, "Ubanka ne bai mutu ba." Ya jefo min takalmi. Ranar na san an gama da ni.

Abin ya yi aiki tamam har Baffa ya koma. Da damina ta kankama sai ya daina. In an kira, wayar ta nuna ta haɗu da samma'a, lambobin lokaci suna ta gudu, Tsoho kuma yana ta "Alo? Alo?" ba ya jin komai. In ka cire bulutus ka buɗe murya a fili, sai ya ce kamar ƙuda a cikin gwangwani. Magana ta gaba da gaba yana ɗan kamawa in ka tsaya ta hagunsa ka ɗaga murya, amma ta waya, ko kalma.

Da lokacin banza ne da ban damu ba. To a daidai lokacin ne aka aiko cewa ƙanwarsa ta kwanta ciwo a kambo, ƙauyen 'yan aikin gona inda aka haife su, can cikin Jazira. Haboba ta kambo muke ce mata, wato kakarmu ta kambo. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma tun kafin a haife ni ba sa magana. Lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, Tsoho yana nan Umdurman yana dako, bai isa ba sai bayan an rufe ta. Haboba ta tsaya a gaban masu ta'aziyya ta ce ita ba ta da wa. Shi ke nan. Gaisuwa sai ta bakin mutane, in an yi suna ko biki kowa ya zauna a nasa ɓangaren. Yanzu ga ta a kan gado, 'yarta, Goggona, ta bugo ta ce tsohuwa ba ta da magana sai ta yayanta, tana son ta nemi yafiyarsa da bakinta, ta ji amsarsa da kunnenta. Zuwa kuma babu hali. Wanda ya san lakar Jazira da damina ya san mota ba ta shiga kambo, Tsoho kuma ko masallacin unguwa sai da sanda.

Sai duk gida ya juyo kaina. Babana ya ce na saka wasanni a wayar. Ban saka ba. Baffa ya bugo daga Saudiyya yana ihu har shabaka, layin waya, tana yankewa, wai ya san hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Na ce, "Baffa, wallahi ban goge komai ba." Ya ce, "Rantsuwarka ta direban raksha ce." Kai! Mutum yana cikin sanyin mukayyif, injin sanyaya ɗaki, yana zagin wanda ke cikin laka.

Babu abin da ban yi ba. Na kashe bulutus na kunna. Na kashe wayar na kunna. Na cika ta da caji a shagon kan kwana don wutar kahraba ta ɗauke mana. Na kashe bulutus ɗin kowa a gidan, har na ƙaramar rediyon Innata, don kar a ce wani ne ke sace layin. Abin da ya fi haukata ni shi ne wayar ba ta tsaya kan magana ɗaya ba. Yanzu ta ce an haɗu, an jima ta ce babu, alhali Tsoho yana zaune daram a kan angareb ɗinsa, gadonsa na igiya, bai ko yi tari ba. In na kira shi daga tawa wayar don gwaji, ina tsaye a kansa, sai in ji numfashi, in ji akuya, wani lokaci in ji kamar ana raɗa a'uzu billahi. Na ce shabaka ce take cakuɗa layuka. Tunda na tabbata ba ya ji, sai na riƙa sauke haushina a cikin wayar. "Tsoho mai kunnen tukunya. Tsoho, ka mutu mana mu huta." Irin waɗannan. Da waɗanda suka fi su.

Na kai wayar kasuwar Suk Libya wurin wani mai gyara. Ya juya ta, ya hura ta, ya ce in kawo samma'ar duka biyu, a kashe su a kunna su a gaban wayar. Na dawo na durƙusa gaban Tsoho.

"Jiddo, ba ni samma'arka in duba."

Ya sa hannu ƙarƙashin rawani ya zaro ta hagu ya miƙo.

Na nuna masa ɗaya kunnen. "Ta dama fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Ita nake so. Ita ce liman."

"Na ce maka lafiyarta ƙalau. Kai likita ne?"

Kwanakin nan wani irin naɗi yake yi, imma, wato rawanin, ta sauko ta rufe kunnuwa, ga mayafin shal a kai, cikin zafin da kare ma ya nemi inuwa. Na ɗauka sanyin tsufa ne. Na miƙa hannu zan ɗaga gefen rawanin, sai na ji sanda a wuyan hannuna. Babana ya taso daga ɗaki kamar an taka shi. "Kan ubana za ka taɓa? Rawaninsa za ka kwance? Ya walad, kai yaro, ka yi hauka ne?" A gidanmu kana iya ce wa kakanka ya mutu, ana dariya, amma ba ka isa ka kai hannu kansa ba. Na ce to ku ce masa ya ciro da kansa. Babana ya sunkuya ya roƙe shi, Tsoho ya juya masa kunnen da ba ya ji. Aka bar maganar. Aka ce in nemi wata dabara, tunda ni ne sarkin dabara.

Wata ranar Laraba bayan la'asar Goggo ta bugo wayar Innata tana haki, ta ce tsohuwa ta farfaɗo, bakinta ya buɗe, yanzu ko ba yanzu ba. Na duba wayar Tsoho, ta ce an haɗu. Na ce a buɗe murya a fili, ni in tsaya a kunnensa in riƙa maimaita masa. Tsoho ya ce a'a. Ya ce magana ce tsakaninsa da 'yar uwarsa, ba za a yi ta a gaban surukai da jikoki ba, balle ta bi ta bakin mara kunya irina. Ya ce kowa ya matsa. Muka ja baya muka tsaya bakin madafa. Kira ya shigo, na danna masa, na ajiye wayar a cinyarsa, na koma.

Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya gyara zama, ya gyara wuyan jallabiya kamar za ta gan shi. Ya ce, "Alo." Ya jira. Ya ce, "'Yar uwa?" Ya kira ta da sunan da ake kiranta tana yarinya, wanda ni ban taɓa ji ba. Ya danna kunnensa ta kan rawani. Ya sake jira. Daga inda nake ina hango fuskar wayar tana haske, kira yana tafiya. Shi kuma yana kallon ƙasa. Na taka zan je in cire bulutus ɗin ko ya so ko bai so ba, babana ya riƙe min riga. Da na fizge na isa, an riga an kashe.

Tsoho ya ce, "Ban ji komai ba." A hankali ya faɗa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ba a jima ba Goggo ta sake bugowa tana kuka tana hamdala. Wai sun yi magana. Wai ta buɗe murya a fili, duk ɗakin sun ji. Tsohuwa ta ce, Yaya ka yafe min, ta sake faɗa, sannan ya ce, "Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wai tsohuwa ta yi murmushi ta juya ta yi barci. Muka kalli juna. Mu dai muna tsaye, Tsoho bai faɗi haka ba. Innata ta ce ƙila mala'iku ne. Na ce mala'ikun da ke da bulutus? Babana ya ce in rufe masa baki. Na roƙi Goggo ta tashe ta a sake, ta ce a bar ta ta huta, ai an gama.

Ba ta sake buɗe baki ba. Washegari da hantsi ta cika.

Aka kafa rumfar makoki a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi. Ni ke yawo da tiren shayi, wayar Tsoho tana aljihuna tunda ni ke amsa masa kiran ta'aziyya. Sai ga maƙwabcinmu ya fito. Baba na bayan katanga muke ce masa, katanga ɗaya ce tsakanin rumfarsa da ta Tsoho, gadonsa ma jingine yake da ita. Tare suka tsinci auduga, tare suka shiga injin gurza, tare suka kurumce. Shi ba shi da ɗa a Saudiyya, ba shi da ɗa ko'ina, sai 'yarsa da akuya. Ya zo da irin naɗin Tsoho sak, kunnuwa a rufe. Ya tsaya gabansa ya ɗaga hannu za su yi fatiha, sai wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na danna, na kai kunne, shiru. A gabana kuwa Baba na bayan katanga ya zabura, hannuwansa a sama, ya ce wa iska, "Wa alaikumus salam. Amin, amin. Allah ya ba da lada."

Tiren bai faɗi ba, amma kofuna sun yi rawa. Na ajiye shi a ƙasa. Na kashe kiran, na ciro tawa wayar na kira ta Tsoho na danna, na juya baya na ce a hankali, "Baba na bayan katanga, ina kwana?"

Ya juyo a firgice. "Lafiya lau, ɗana."

Wallahi da ba makoki ake ba da na yi ihun da za a ji a unguwar Sahafa, can ƙetaren kogi. Na jira mutane suka ragu, na jawo su biyun cikin gida, babana ya biyo mu. Ban durƙusa ba. Na tsaya ta hagun Tsoho na ɗaga murya.

"Ina ta dama?"

Ya kau da kai.

"Jiddo, ina liman?"

Baba na bayan katanga ne ya sa hannu ya ɗaga rawaninsa da kansa. Ga ta nan, maƙale a bayan kunnensa, lafiyarta ƙalau kamar yadda aka faɗa min.

Tsoho ya ce, "Ni na ba shi. Ina da biyu, ba shi da ko ɗaya. Ana kiran salla ba ya ji. In zauna da biyu in yi me da su?"

"To ka ba shi ta hagu mana!"

Ya kalle ni kamar na zagi mahaifiyarsa. "Ta hagu? In ba abokina abin hagu? Haka aka koya maka? Mu a kambo in gurasa ɗaya ce, ɓangaren da ya fi shi ake miƙawa."

"Wannan ba gurasa ba ce! Baffa ya faɗa a gabanka, ta dama ke magana da waya, ta hagu sai suna kai ɗaya take ji!"

"Lokacin da ya faɗa ai bai sa min ita ba tukuna."

Ya zol, bawan Allah, ka ji fa. An yi wa kurma bayanin kunne kafin a sa masa kunnen. Sai komai ya jeru min. Baba yana kwance jikin katanga, waya ta ce an haɗu. Ya tashi ya zagaya bayi, ta ce babu. Akuyar da nake ji tasa ce. A'uzu billahi nasa ne. Sai kuma na tuna abubuwan da na riƙa faɗa a wayar gwaji.

Baba ya ce, "Da farko na zaci mutanen ɓoye ne. Daga baya na gane muryarka. Kana da baki, ɗana. Allah ya shirye ka."

"Ka gane muryata, ba ka leƙo ka faɗa ba?"

"Ya ce kar kowa ya sani, kar ɗansa ya ji ya ce an raina kyautarsa. Na yi alkawari."

Alkawari. Sun bar ni ina shan zagi daga ƙasa biyu, ina tsalle a lakar Suk Libya, saboda alkawarin tsofaffi biyu masu kunne ɗaya ɗaya. Babana da ya riƙe min riga ranar, yanzu ya sami wani abu mai ban sha'awa a ƙasa yana kallo. Har yau bai ce min ma'alesh, yi haƙuri, ba. Baffa ma haka.

Amma Tsoho ba ta ni yake ba. Ya kafe abokinsa da ido.

"Kai ka amsa mata?"

"Ni ne."

"Wa ya aike ka?"

"Ina kwance na ji mace tana kuka a cikin kaina. Na san muryar, ai tare muka tashi. Kafin in nemo sanda in zagayo ta ƙofa, numfashinta na yankewa. Ta faɗa, ta sake faɗa. In yi shiru ta tafi da shi a wuya?"

"Yafiyata ce! Ba taka ba ce da za ka bayar!"

"To da ba za ka yafe ba?"

"Na yafe tun kafin gemuna ya yi fari, kai ma ka sani! Ni nake so in faɗa mata. Ni ma ina da abin da zan roƙe ta!"

Suna ta ihu a fuskar juna, kowa ya karkato kunnensa mai aiki, kamar zakaru biyu. Ban yi dariya ba. Na so in yi, ta ƙi zuwa. Can Tsoho ya zauna a bakin angareb ya ce, "Faɗa min abin da ta ce. Yadda ta faɗa. Kar ka gyara."

Wannan karon bai kore mu ba, ko ya manta muna nan. Baba ya zauna ta hagunsa ya kai baki kunnensa, amma da yake shi ma kurma ne bai san raɗa ba, har 'yan makoki a waje sun ji. Ya ce ta ce, Yaya, ni ce. Ta ce maganar da na faɗa ranar Inna, zafi ne, ban daina zama ƙanwarka ba ko na yini ɗaya. Ta ce na san mota ce ba ka samu ba. Ta ce har yanzu ina da tabon laujen nan da ka ɗaure min da hularka. Ta ce ka yafe min.

Tsoho ya ce, "Sake faɗin na laujen." Ya sake. Tsoho ya ja shal ya rufe fuska. Daga ƙarƙashinsa na ji ya ce, "Na yafe. Ke ma ki yafe." Ba waya, ba samma'a, ba kowa a ɗaya ɓangaren.

Baba ya cire ta dama ya miƙa masa da hannu biyu. Na ce alhamdu lillahi, ko yanzu. Tsoho ya ture hannun. "Mai da kunnenka. An taɓa karɓar kyauta a mayar?"

Na ce, "To ku yi musaya kawai, shi ya riƙe ta hagu, kiran salla dai zai ji!"

Suka juyo min su biyu, da ido iri ɗaya. Tsoho ya laluba takalminsa.

Na fita na ɗauki tirena. Shayin ya huce, wani baƙo ya ce min yaran yanzu ba su iya hidima ba, na ce masa ya je Saudiyya a ba shi mai zafi.

Wayar tana nan yadda Baffa ya haɗa ta, ban goge komai ba. In aka kira Tsoho, ni nake dannawa, Baba na bayan katanga ya amsa daga kan gadonsa, sannan ya taka tsohuwar taya ya leƙo ta saman katanga ya ƙwala wa Tsoho saƙon, duk layinmu na ji. Shi kansa Baffa sai da ya yi ta gaishe shi yana "Baba, ya jiki" kafin wani ya gaya masa ko da wa yake magana. Ba ni na gaya masa ba. Muryar Haboba kuwa, Goggo ta duba wayarta kaf, ba ta taɓa naɗar ko gaisuwarta ba. Mutum ɗaya ya ji ta a Umbadda, kuma Tsoho yana sa shi ya maimaita na laujen duk ranar Juma'a.